Shekara 50 da Fim Ɗin Shaihu Umar: Aikin da Ya Ɓata a Gida, Aka Farfaɗo da Shi a Jamus

Akwai kwana uku a jere cikin watan Yuni da ya kamata duk mai kishin adabin Hausa ya riƙe su da ka. Ran 18 ga wata a 1999 Alhaji Mamman Shata ya rasu a Kano, aka kai shi Daura aka binne. Ran 19 ga wata a 1981 Alhaji Abubakar Imam ya cika a Zariya. Ran 20 ga wata a 2015 kuma Ɗan Maraya Jos ya bi su. Duk shekara idan kwanakin nan suka zagayo, gidajen rediyo kan saki waƙa biyu ko uku, matasa su lilliƙa hotuna a Facebook, a yi ta "Allah Ya jiƙan maza", kafin mako ya fita an koma harkar siyasa da farashin masara. Addu'a abu ne mai kyau, ba mai ja da wannan. Sai dai tambayar da ba a cika yi ba ita ce: ina ayyukan da mutanen nan suka bari, a hannun wa suke, kuma a wane hali?

Shekarar 2026 ta zo da wata zagayowar da ta fi waɗancan nuna inda gizo ke saƙa. A cikinta ne fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976, ke cika shekara 50. A cikinta ne kuma marubucin littafin da aka ciro fim ɗin daga ciki, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya cika shekara 60 da rasuwa, tun juyin mulkin 15 ga Janairu 1966. Kowa ya san fuskar mutumin, tana jikin takardar naira biyar. Masu karatu da yawa sun haɗu da littafin a aji. Amma ka tare masoya finafinan Hausa, waɗanda za su iya lissafa maka jaruman Kannywood tun daga kan Ibrahim Mandawari, ka tambaye su wa ya taɓa kallon Shaihu Umar daga farko har ƙarshe. Da wuya ka sami mai ɗaga hannu. Ba laifinsu ba ne: shekaru da yawa har masana sun ɗauka fim ɗin ya salwanta.

Gasar da ta haifi littafin

Asalin maganar yana komawa 1933. A lokacin Rupert East, Baturen da ke riƙe da Hukumar Fassara a Zariya, ya ga makarantun boko na Arewa suna yaye masu iya karatu, amma babu abin da za su karanta don jin daɗi. Sai ya zaga garuruwa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Aikin bai zo masa da sauƙi ba, domin a wajen malaman wancan zamani rubutu na ilmi ne da wa'azi, ƙirƙirar labari kuwa tatsuniya ce, sana'ar tsofaffin mata da yara. Duk da haka aka sami waɗanda suka amsa kira, aka zaɓi littattafai biyar, aka fara buga su daga 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin kansa, sai Shaihu Umar.

Marubucin na ƙarshen nan saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba, yana koyarwa a Midil ta Bauchi. Babu wanda ya san zai zama Firayim Minista. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne abin da ya zaɓa ya rubuta. Imam ya tafi wajen ban dariya da wayo, Bello Kagara ya tafi wajen jarumtaka da yaƙi da aljanu. Shi kuwa Malam Abubakar ya tsaya a ƙasa, ya ɗauko maganar da mutane ke rufa-rufa da ita: bauta.

Shaihu Umar babban malami ne da ke zaune a Rauta, kusa da Bauchi. Wata rana almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi ne ya warware masu. An haife shi a Kagara, maraya tun yana ciki. Uwarsa ta auri Makau, bafaden sarki, wanda 'yan'uwansa fadawa suka yi wa hassada, suka ƙulla masa sharri bayan an dawo daga hari, har aka kore shi daga gari ya koma Maƙarfi. Uwar ta tafi ganin iyayenta a Fatika ta bar yaron hannun ƙawarta, aka sace shi. Daga hannu zuwa hannu ya faɗa cikin bayin da aka kai Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi, ya ƙetare Sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Uwar kuwa ta bazama nemansa, aka yaudare ta, ita ma aka sayar da ita, ta sha wuya har ƙasar Turabulus. Sun haɗu a ƙarshe, amma wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu.

A ganina, duk da sunan Umar ne a bangon littafin, uwar ce gwarzuwar labarin. Umar ɗaukarsa ake yi ana ajiyewa, ƙaddara na juya shi yadda ta so, shi kuma yana haƙuri. Ita ce ke yanke shawara, ita ce ke tashi ta bi hanya, ita ce kuma ke biyan farashi. Littafin yana da rauninsa: akwai wuraren da Shaihu ke ba da labarin abin da ya faru ba ya wurin dalla-dalla, kamar an manta cewa shi ke magana. Wasu masu nazari kuma sun yi ƙorafin cewa marubucin bai fito fili ya la'anci bauta ba, har ma ya nuna ubangida mai kirki. Wannan gaskiya ne. Amma a tuna lokacin da aka yi rubutun. Dokar da Gwamna Lugga ya kafa ta 'yanta waɗanda aka haifa daga 1901 ne kawai, ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Wato ranar da Malam Abubakar ya ɗauki alƙalami, akwai bayi a raye a gidajen da ya sani, akwai iyayen gijinsu, akwai kuma tsofaffin da suka ga ayarin Sahara da idonsu, suka ji labarin yadda Rabe ya ci Kukawa a 1893. Ya nuna yadda ake raba uwa da ɗa a kan kuɗi, ya bar mai karatu ya yi hukunci. Ga malamin makaranta mai aiki ƙarƙashin En'e, wannan ba ƙaramin ƙarfin zuciya ba ne.

Daga takarda zuwa majigi

Bayan kisan marubucin, littafin ya sami sabuwar rayuwa. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. Shekara guda bayan nan Adamu Halilu ya ɗauke shi a fim, Umaru Ladan ɗin kuma shi ya fito a matsayin Shaihu.

Adamu Halilu mutumin Garkiɗa ne ta ƙasar Adamawa, an haife shi a 1936, ya koyo aikin fim a Landan. Ya taso ne cikin zamanin majigi, lokacin da motar gwamnati ke shiga ƙauye da magariba, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna wa jama'a yadda ake noman auduga ko amfanin zuwa asibiti. Irin waɗannan finafinai na wayar da kai ya yi su da yawa, ciki har da Mama Learnt a Lesson na 1963. Shaihu Umar kuwa wani abu ne daban: cikakken fim na minti 142, mai launi, da Hausa tsantsa, da dawaki da raƙuma da fada da kasuwa da tsangaya. Lokacin kuɗin fetur ne, Nijeriya na shirin bikin FESTAC da aka yi a Legas da Kaduna a farkon 1977, gwamnati na son abin da za ta nuna wa baƙi. Fim ɗin na cikin abin da aka gabatar. Halilu ya ci gaba, ya yi Kanta of Kebbi, ya kuma shugabanci Hukumar Finafinai ta Nijeriya da aka kafa a 1979. Ya rasu a 2001.

To me ya sa fim mai wannan daraja ya ɓace? Dalili na farko shi ne bai taɓa samun kasuwa ba. Gidajen sinima na Kano da Kaduna da Jos a wancan lokaci suna hannun 'yan kasuwa, akasari 'yan Labanan, abin da ke kawo masu ciniki kuwa finafinan Indiya ne da na kaboyi da na 'yan Cana masu faɗa. Fim ɗin gwamnati ba shi da dillali. Ana nuna shi a biki, a tafa, a mayar da shi gwangwani a rufe. Dalili na biyu, tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, darajar naira ta faɗi, sayen zaren fim da wanke shi a ƙasar waje ya gagari kowa. 'Yan ƙalilan ne suka ci gaba da ƙoƙari, cikinsu har da ɗan marubucin, Sadiƙ Ɓalewa, wanda ya yi Ƙasarmu Ce a 1991. Kafin nan ma bidiyo ya riga ya shigo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset, aka buɗe wani babi gaba ɗaya. Masana'antar da aka laƙaba wa suna Kannywood a ƙarshen shekarun 1990 ta taso ne ba tare da ta ga aikin magabatanta ba. Yaran da suka gina ta sun san Amitabh Bachchan ciki da waje, amma ba su san Adamu Halilu ba.

Gwangwanaye a ɗakin da aka manta

A 2016 ne aka yi dace. Didi Cheeka, mai shirya fim kuma mai sharhi da ke Legas, tare da abokan aikinsa, suna cikin binciken tarin tsofaffin gwangwanayen fim da aka yi watsi da su a ma'ajiyar Hukumar Finafinai, sai ga Shaihu Umar, har da uwar faifan da ake wanko sauran kwafi daga jikinta. Wanda bai san zaren fim ba zai ɗauka abu ne mai dawwama. Ba haka ba ne. Zafi da laima suna cin sa: ya fara wari mai tsami, ya motse, ya manne da juna, launinsa ya koɗe ya koma ja-ja, daga nan sai shara. A yanayi irin na Legas, shekara arba'in ba wasa ba ce. Da an ƙara wasu shekaru, da sai dai labari.

Wata cibiya a Balin mai suna Arsenal ita ta ɗauki aikin gyaran, da tallafin ofishin jakadancin Jamus a Abuja. Aikin na haƙuri ne: a tsabtace zaren, a ɗauki hoton kowane gurbi ɗaya bayan ɗaya da na'ura, hoto ashirin da huɗu a kowace daƙiƙa ta fim, a gyara launi, a tace sauti. A watan Fabrairun 2018 aka nuna shi a bikin finafinai na Balin, Turawa suka zauna suna sauraron Hausar shekarun 1970 suna karanta fassara a ƙasan allo. Wannan haɗin gwiwa bai tsaya nan ba, domin daga baya an buɗe karatun digiri na biyu kan adana finafinai a Jami'ar Jos tare da Jami'ar Goethe ta Furankfot, ga kuma ma'ajiyar finafinai da sauti ta ƙasa a Jos ɗin.

Ya kamata a gode wa waɗanda suka yi wannan aiki, ba tare da wani ƙunƙuni ba. Amma abin kunya ne a ce littafin Firayim Ministan ƙasa na farko, fim ɗin da gwamnatin ƙasa ta kashe wa kuɗi, sai da baƙi suka sa hannu kafin ya tsira. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, bayan an gyara shi ma, bai shiga hannun masu shi ba. Ɗalibin Hausa a Sakkwato ko Damagaram da ke nazarin littafin ba shi da wata hanya mai sauƙi ta ganin fim ɗin. An ceto shi daga ruɓewa, amma har yanzu a wajen talaka ɓatacce ne.

Yadda wasu ke yin nasu

Mu dubi fim ɗin Indiya da Hausawa suka sani sarai. Sholay ya fito ran 15 ga Agusta 1975, shekara guda kafin Shaihu Umar. Da zai cika shekara 50 a 2025, wata gidauniyar adana finafinai ta Indiya ta nemo tsofaffin fayafayansa, ta gyara shi, har da ainihin ƙarshen da hukumar tace finafinai ta sa aka canza a wancan lokaci, aka nuna shi a dandalin birnin Bolonya na Italiya. Da littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart, ya cika shekara 50 a 2008, an yi taruka a jami'o'i a ƙasashe da dama, aka sake buga shi, ya koma kantuna. A nan kusa, Nijar ta daɗe da raɗa wa gasar kiɗanta sunan Ɗan Gurmu, makaɗin Tawa, ta yadda duk matashin da ya shiga gasar sai ya ambaci sunan. A duk waɗannan, ranar tunawa dalili ce ta yin wani aiki da zai saura bayan an watse.

Mu kuwa namu bikin ya fi karkata ga babbar riga da jawabi. A gayyaci babban baƙo, ya makara, a karanta tarihin mamaci, a raba kalanda. Kuɗin da ake kashewa a abinci da hayar zaure a taro guda zai iya juyar da kaset ɗari zuwa kwamfuta.

Batun kaset ɗin ma shi ne ya fi tayar da hankali, domin abin da ya sami Shaihu Umar yana samun waƙa a yanzu haka, ba tare da wani Bajamushe ya sani ba. Shata ya yi waƙoƙin da ake lissafawa da dubbai, da yawa a wajen biki ya yi su nan take, bai sake maimaita su ba. Abin da ya rage daga cikinsu yana warwatse: tsofaffin tef a gidajen rediyo, musamman na Kaduna da ya fara aiki tun 1962, fayafayin garmaho, da akwatunan kaset na masu sha'awa, waɗanda idan mai su ya rasu magada kan ɗauke su tarkace. Goge tef don a sake ɗaukar wani shiri a kai kuwa al'ada ce da gidajen watsa labarai na duniya suka yi, har BBC, saboda tsadar kaya. Na Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ɗan abin da aka ɗauka kafin rasuwarsa shi ke nan, kuma yawancin abin da ke yawo a wayoyi kwafin kwafi ne, murya ta dusashe, babu shekara, babu bayanin wanda aka yi wa waƙar. Haka finafinan bidiyo na farko: kaset ɗin VHS bai kai zaren sinima ƙarko ba, na'urar kunna shi ma ta zama abin nema.

Ba a ce babu masu ƙoƙari ba. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da tarihin Shata, Shata Ikon Allah, a 2006. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya shafe shekaru yana bin diddigin fim da kiɗa da littattafan Kano. Graham Furniss ya tara littattafan soyayya na kasuwar Kano masu yawa, suna ajiye a Landan. Gidan Arewa da ke Kaduna yana riƙe da takardu masu daraja. Amma kusan duk aikin ɗaiɗaikun mutane ne, da aljihunsu da lokacinsu, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kalandar da ke tafe cike take. A 2027 littafi na farko na Magana Jari Ce zai cika shekara 90, FESTAC kuma 50. A 2029 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939 Imam yana editanta, za ta kai 90, Shata kuma 30 da rasuwa. A 2030 Turmin Danya zai yi 40. A 2033 gasar East za ta cika ƙarni guda cif, wato ƙagaggen labarin Hausa na boko zai yi shekara ɗari. Wanda zai yi wani abin kirki a waɗannan ranaku, yanzu ne zai fara, domin tattara tsofaffin kofe na jarida ko neman izinin magada ba aikin wata guda ba ne.

Na 2026 dai mai sauƙi ne, tunda an riga an yi mai wuyar. Fim ɗin yana nan, a gyare. Abin da ya rage shi ne Hukumar Finafinai ta Nijeriya, da gwamnatin Jihar Bauchi inda kabarin marubucin yake, da sassan Hausa na jami'o'inmu, da gidajen talabijin masu watsa shiri da Hausa, su zauna su daidaita maganar haƙƙin mallaka, a fito da shi. A nuna shi a Bauchi da Kano da Zariya da Maraɗi, a fili, kyauta, yadda ake yin majigi a da. A ba makarantu kwafi. A kira 'yan Kannywood su zauna sahun gaba, a nemo waɗanda suka rage cikin 'yan wasan da ma'aikatan fim ɗin a ɗauki bayaninsu tun suna iya bayarwa. Masu akwatunan kaset a gida kuma, don Allah kada ku bari a zubar. Ku nemi sashen Hausa na jami'a mafi kusa da ku, ku miƙa a juya.